Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: Macen Da Ta Yi Ɓatan Wata, Ina Za Ta Nufa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, musamman shugabannin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, waɗanda rabin maganar nan tasu ce. Allah ya taya ku riƙo.

Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure a cikin birni. Na rubuto wannan takarda da yawun ɗalibaina da 'ya'yansu mata, da kuma 'yan'uwana malamai mata da muke fama da abu iri ɗaya. A wurinmu babu darasin da yake cika aji kamar babin haila. Ana tashi sai a kewaye ni, kowacce tana magana ƙasa-ƙasa. Malama, wata biyu ke nan ban gani ba. Malama, nawa sau biyu yake zuwa a wata. Malama, tun da aka sa min ashana ɗigo bai tsaya ba, in yi salla ko in bari? Amsar salla da azumi ina da ita. Ahalari da muke karantawa ya raba mata gida uku, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki, ya ce jinin mai farawa ba ya wuce kwana 15, wadda ta saba kuwa ta ƙara kwana uku a kan al'adarta muddin ba ta haura 15 ba. Amma akwai tambayar da ba a yi sai an ga aji ya watse: ciki ne da ni, ko ciwo ne? Wannan ta fi ƙarfin malamar Islamiyya. Tambayarku ce, kuma abin da na gani shi ne ba a tanadar wa mace wurin da za ta kai ta ba.

Dubi yadda asibitin unguwa yake tafiya. Akwai ranar awo, akwai ranar rigakafin yara, akwai ɗakin tazarar haihuwa, akwai ɗakin haihuwa. Wadda ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu ba ta cikin ko ɗaya. Idan ta shiga layin awo, sau da yawa abin da take ji shi ne ta koma sai ciki ya fito. Idan ta shiga layin marasa lafiya, ga maza a gaba da baya, mai dubawar ma wataƙila namiji ne, ƙofa kuma a buɗe. Sai kunya ta sa ta ce zazzaɓi take yi da kasala, a rubuta mata maganin maleriya ta tafi, ba tare da kowa ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada ba.

Abin da ake asara a nan babba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin cikin ya wuce mako 12. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matan Najeriya da suke fara awo a wata ukun farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba. An saba ɗora laifin a kan mata, a ce suna ɓoye ciki saboda kunya ko tsoron baki. Akwai wannan, ba na musu. Amma akwai kuma wadda ba ta ɓoye komai ba, ita kanta ba ta sani ba ne, domin al'adarta dama ba ta da tsayayyen lokaci. A waɗannan makonnin ne ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri suke haɗuwa, lokacin da ƙwayar folik asid take da amfani mafi girma. A lokacin ne kuma uwar take shan duk abin da aka miƙo mata da sunan maganin sanyi.

Gwajin da zai raba gardama kuwa tsinke ne da ake tsomawa a fitsari, minti biyar ya isa, kuɗinsa bai kai na a-daidaita-sahun da ya kawo ta asibitin ba. Yana gano ciki daga ranar da al'ada ta saɓa lokacinta. Wadda ba ta san lokacin nata ba, ta ƙirga kwana 21 daga saduwa ta ƙarshe, ta gwada da fitsarin farko na safe. Idan bai nuna ba kuma jini bai zo ba, ta sake bayan mako guda. Wannan bayani da bai cika layi uku ba, yawancin ɗalibaina a bakina suka fara jin sa, ni kuma ba nas ba ce.

Ranka ya daɗe, akwai wata ɗalibata, matashiya mai 'ya'ya biyu, da ta yi ɓatan wata, sai ga ɗan jini baƙi-baƙi da ciwo a gefe ɗaya na mara. Ta ɗauka al'adar ce ta zo da gardama. Wani mai kemis ya ce sanyi ne, ya haɗa mata magunguna. Da tsakar dare ta yanke jiki ta faɗi. Ashe ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, a cikin bututun da ƙwai ke bi, har ya fashe. An yi mata tiyata, an cire bututun, 'yan'uwa suka yi ta neman jini. Ta rayu, alhamdu lillahi. Irin wannan cikin yana samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin kowane ciki ɗari, kuma alamunsa sanannu ne: ɓatan wata, ciwon mara a gefe guda, ɗigon jini, jiri, wani lokaci ciwo a saman kafaɗa. A nan mu malamai ma muna da abin gyarawa a yadda ake fahimtar karatunmu. A mazhabarmu mai ciki tana iya ganin jini a lissafa mata shi haila ta fuskar ibada, sai wasu suka ɗauka jini a kan ciki ba abin damuwa ba ne. Hukuncin salla daban, lafiya daban. Ni ina faɗa a aji, amma muryar ma'aikatarku ta fi tawa nisa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 ta sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Wasunsu sun tafi ba su ma san suna da ciki ba.

Kuka na biyu ya shafi ɗakin tazarar haihuwa, kuma a nan zan daɗe, domin daga nan yawancin tambayoyin suke fitowa. An yi ƙoƙari wajen kawo kayan, ba mu raina ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani. Allurar wata uku tana rikita jini a farko, kuma kusan rabin masu yin ta jininsu yana ɗaukewa gaba ɗaya bayan shekara guda. Ashanar da ake sakawa a damtse tana kawo ɗigo-ɗigo marar lokaci, wasu kuma ta ɗauke musu jinin. Robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jini da ciwon mara a watannin farko. Duk wannan sananne ne a wurin ma'aikatanku. Amma nas ɗaya ce a gaban mata masu yawa, sai ta yi allurar ta rubuta ranar dawowa, shi ke nan. Matar ta koma gida, wata uku babu jini, hankalinta ya tashi. Maƙwabciya ta ce ai jinin taruwa yake yi a ciki, wata rana zai zama ƙari. Uwar miji ta ce an kashe mata mahaifa. Ita kuma tana tunanin ko allurar ce ta ƙi aiki, ciki ya shiga. Babu wanda ya gaya mata cewa jinin ba ya taruwa a ko'ina, shimfiɗar mahaifar ce ba ta yin kaurin da za ta zube. Babu wanda ya gaya mata cewa bayan ta daina allurar, samun ciki yakan ɗauki kimanin wata goma daga allura ta ƙarshe, wasu ma ya haura shekara, kuma wannan jinkiri ne ba rashin haihuwa ba. Sai ta daina, ta kuma hana ƙannenta da ƙawayenta.

Ga kuma wata al'ada da ta zauna a wasu ɗakunan, wadda ta fi ba ni takaici. Mace mai goyo ta zo neman tazara, sai a ce ta koma sai ta ga jininta ta dawo, don a tabbatar ba ta da ciki. To mai shayarwa tana iya yin shekara ba ta gani ba. Kuma ƙwai yana riga jini fita, wato tana iya ɗaukar ciki kafin ta ga al'adar farko bayan haihuwa. Shayarwa tana kare mace ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariyar ta raunana. A gidajenmu da ake fara ɗura wa jariri ruwa tun yana ɗan kwanaki, sharaɗi na biyu ma ba ya cika. Haka matar da ta je da ƙafarta neman hutu take komawa gida jiran jinin da ba zai zo ba, sai kwanika ta riga shi. A yaye yaro ba shiri, uwa tana laulayi, jinin jikinta bai gama dawowa daga haihuwar baya ba. Alhali akwai jerin tambayoyi shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, waɗanda ma'aikaciya za ta yi wa mace ta samu natsuwar cewa babu ciki, in kuma da shakka ga tsinken gwaji. Ba a buƙatar ganin jini.

Na uku, inda asibiti ya bar giɓi, mai kemis da mai maganin gargajiya ne suke cikewa. Ba na zagin masu kemis, su ne a buɗe da ƙarfe goman dare, su ne suke ba da bashi. Amma abin da yake faruwa a bayan kantarsu yana buƙatar ido. Mace ta ce al'adarta ta ƙi zuwa, sai a ba ta ƙwayar da za ta "kawo jini", a ce in ya zo babu ciki, in bai zo ba akwai. A Ingila an janye irin wannan gwajin ciki na haɗiyar ƙwaya tun 1978, mu kuwa har yau ana yin sa ga tsinke a rataye a shago ɗaya. Wata kuma Postinor, ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki, ta mayar abin sha duk mako, ba ta san ita ce take gusar mata da kwanaki gaba da baya ba, sai ta ƙara tsorata ta ƙara sha. A waje kuma ga motoci da lasifika, ga tallace-tallace a rediyo da TikTok, kowa yana da maganin wankin mara da maganin sanyi. Duk abin da ya samu mace daga cibiya zuwa ƙasa an tattara shi an kira shi sanyi. An kwashe 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 don a tsaftace sarin magani. Madalla. Amma matar da nake magana a kai ba ta zuwa Dangwauro, shagon bakin layinsu take zuwa.

Na huɗu su ne waɗanda gwaji zai nuna babu ciki, kuma jinin bai zo ba. Su aka fi mantawa da su. Rikicewar al'ada tana da dalilai da yawa: damuwa, rama ko ƙiba mai yawa, ciwon maƙoƙo, yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono ko da mace ba ta shayarwa, ƙarin mahaifa, da gabatowar ɗaukewar al'ada, wadda yawanci take zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Akwai kuma ciwon da likitoci ke kira PCOS, wanda yake samun kusan mace ɗaya cikin goma, yana sa ƙwai ya ƙi fita a kan lokaci, yana zuwa da ƙuraje da gashi a haɓa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba su san suna da shi ba. Irin wannan matar ce take yin wata takwas babu jini, a ce mata ciki ne ya kwanta. Maganar kwantaccen ciki tana da matsayinta a fiƙihu, har ta shiga hujjojin da aka kafa a shari'ar Amina Lawal a Katsina a 2003, kuma na bar wannan ga manyan malamai da alƙalai. Abin da ya dame ni shi ne amaryar da take shan jiƙe-jiƙen tayar da ciki shekara da shekaru, ana karɓar kuɗinta, ana zargin kishiya da hannu, alhali hoton ciki ɗaya zai nuna mahaifa babu komai, gwajin jini kuma ya nuna abin da ake iya magancewa. Kafin a gano, an yi mata kishiya don ba ta haihu ba, ko an sake ta.

Idan an sake ta ma ba ta huta ba. Sakakkiyar da jininta ya ɗauke ba a san dalili ba, a mazhabarmu wata tara take zama sannan ta ƙara uku, shekara guda cur. Na zauna da irin waɗannan matan. Tsohon miji yana cewa ai idda ta ƙare, ba zai ƙara ciyarwa ba. Dangi suna kallon cikinta. Ita ba ta san ko tana ɗauke da ɗansa ba. Takardar gwaji daga asibitin gwamnati ba za ta canza hukuncin shari'a ba, amma za ta ba malami da alƙali abin da za su tsaya a kai, ta kuma kashe tsegumi.

Sai 'yan mata. A shekaru biyu zuwa uku na farko bayan yarinya ta fara al'ada, ba abin mamaki ba ne ta tsallake wata ɗaya ko biyu. Uwa da yawa ba su san haka ba. Na ga yarinyar da aka daka, aka hana ta makaranta, kan cikin da babu shi. Darasin da sauran yaran gidan suka ɗauka shi ne a yi shiru. To wadda aka yi wa fyaɗe ita ma shirun za ta yi, har kwana ukun da maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki a cikinsu su wuce, ga cibiyar Waraka a Asibitin Murtala an buɗe ta domin irinta. Duk ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar al'ada ta duniya, ana taro, a raba audugar mata a makarantu, a ɗauki hotuna. Audugar muna so, a ƙara. Amma an zaɓi wannan ranar ne don ta yi nuni da zagayen kwana 28 da jinin kwana biyar, kuma yarinyar da aka koya wa 28 kaɗai za ta ɗauka tana da ciwo in nata 33 ne. Tsakanin kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace, ana ƙirgawa daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta na gaba.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mun yarda, muna kuma yin namu. Amma kasafi da umarni a hannunku suke, don haka ga abin da muke roƙo.

A sa tsinken gwajin ciki cikin kayan da ba sa yankewa a kowane asibitin matakin farko a mazaɓu 484 na jihar nan, a kuma yi shi kyauta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun lafiya a matakin farko, jiha kuma tana da asusun tallafin lafiya na KHETFUND da hukumar taimakekeniyar lafiya. Wannan ba ginin asibiti ba ne, ƙaramin abu ne a cikin waɗannan asusun. A ba ma'aikatan da suke bi gida-gida su ma su riƙe, domin akwai matar da fita asibiti sai da izini da dalili, kuma "ina zargin ciki" ba dalilin da kowace mace za ta iya faɗa ba ne.

A fitar da umarni a rubuce, a liƙa a bangon kowane ɗakin tazarar haihuwa, cewa ba a mayar da mace gida don ba ta cikin jini. A wannan umarnin a haɗa da cewa ba a yi wa mace allura ko a sa mata ashana sai an gaya mata, da Hausa, abin da zai faru da al'adarta da kuma lokacin da ya kamata ta dawo. Ɗakin awo kuma ya karɓi mace daga ranar da tsinke ya nuna, ko da cikin bai fito ba.

A ware lokaci, ko da yini ɗaya ne a mako, da mace ma'aikaciya za ta zauna a ɗaki mai ƙofa don matsalolin al'ada kaɗai, matar aure da budurwa da bazawara, ba tare da an ɗaga murya an tambayi ina mijinki a gaban layi ba. A ba ta hanyar tura wadda take buƙatar hoto ko gwajin jini zuwa babban asibiti da takarda a hannu. A kuma sa ya zama doka ga duk mai duba marasa lafiya ya tambayi mace ranar al'adarta ta ƙarshe kafin ya rubuta magani.

Ku zauna da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa da NAFDAC da ƙungiyar masu kemis a kan abu biyu: kada a sayar da ƙwayar kawo jini babu takardar likita, kuma duk wadda ta zo da ɓatan wata da ciwon mara a tura ta asibiti a daren. Masu tallan maganin wankin mara a kafafen yaɗa labarai kuma a nemi su nuna rajistarsu kafin a ba su fili.

Gidan Rediyon Kano da ARTV na jiha ne. A ba likitar mata ko ungozoma fili a kai a kai, a lokacin da mata suke gida, ta faɗi abubuwan da suke wajabta zuwa asibiti: wata uku babu jini kuma babu ciki, jinin da ya wuce kwana takwas, jinin da yake jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, jini bayan saduwa, da duk wani jini da ya dawo bayan mace ta shekara da daina al'ada. A yi shirin yadda maigida zai iya saurare bai kashe rediyon ba, domin shi ne zai ba da izini da kuɗin mota.

A ƙarshe, ku turo mana ma'aikatanku mata. Islamiyyun matan aure suna cike safe da yamma da dare a kowace unguwa, matan sun riga sun taru, ba sai an ba su kuɗin zama ba. Ranar da za mu karanta babin haila, a samu nas ko ungozoma ta zauna kusa da malama, ni in amsa ta salla, ita ta amsa ta ciki. Idan ofishin lafiya na ƙaramar hukuma ya aiko wa shugabannin makarantu takarda, mu za mu tsara ranakun mu aiko muku.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar Islamiyyar matan aure, Birnin Kano,
a madadin ɗalibanta da abokan aikinta.